Fim a Cikin Kwallar Inna

Inna ba ta ƙarar da abu. Tun muna yara muka san haka. In ta buɗe ƙunshin sukari sai ta bar ɗan kaɗan a ƙasan leda ta ƙulle. In albasa ta rage guda ɗaya a kwando, to wannan ta tsira, miya ce za ta haƙura. Da kaka kuwa, kafin kowa ya ɗanɗana sabon gero, ita ce ke bin dammuna tana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ta rataye a ɗaka a matsayin irin baɗi. Na taɓa murza irin nan na jefa baki ina ɗan shekara bakwai, har yau kunnena na hagu bai manta ba.

Ina koyarwa a wata firamare a Rabah. Ita kuma Inna tana ƙauyenmu can wajen Rara, ta ce ba inda za ta, garin da ake sayen itacen girki ba gari ba ne. Ran Asabar nake hawa babur in je in gaishe ta. Sabis ɗin waya a garinmu baƙo ne mai girman kai, yakan leƙo kan tudun masussuka in ya ga dama, in kuma bai ga dama ba sai ka yi ta ɗaga waya sama har hannunka ya gaji.

Wata shekara na yi rijista da wata manhajar kallon finafinai, irin wadda ake biya duk wata. Akwai wani shiri mai dogon zango a ciki da ya kama ni, labarin wasu dangi ne da ke rigima kan iyakar gona, bayan wani ya tone itacen shaida ya matsar da shi ba wanda ya gani. Manhajar tana bari ka sauke shiri ka kalla inda babu sabis. Ran nan na je gida da kashi biyu a waya, ina kallo a zaure, sai Inna ta zo wucewa da tsintsiya. Ta tsaya. Tsintsiyar nan ba ta sake taɓa ƙasa ba sai da aka tashi shirin.

"Wanga mai jar hula," in ji ta, "shi na ɓarawon. Dibi idonai."

Asabar ta gaba na kawo mata tsohuwar wayata, na zuba mata kashi biyar, na nuna mata inda za ta danna. Caji kuwa akwai ɗan farantin sola da nake jinginawa a kan rumbu.

Ba ita kaɗai take kallo ba. Inna tana da ƙawa, Bafillatana ce daga rugar da ke yamma da mu, mu muna ce mata Goggo. Tun kafin a haife ni take biyowa ta gidanmu da ƙwaryar nono in ta taso daga talla, ta sauke, su zauna a inuwar rumbu su yi ta gardama. Ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba, ko da kuwa yawan gishirin miya ne. Da fim ya shigo, sai gardamar ta samu abinci. Inna ta tsaya kan mai jar hula. Goggo ta ce sam, mai jar hula baki ne kawai gare shi, a dai sa ido kan maƙwabcin nan mai yawan murmushi da gaishe da mutane.

"Mutum shi gaishe ka sau ukku kahin hantsi," in ji Goggo, "akwai abin da shika ɓoyo."

"Ke dai ba ki son mutanen kirki," in ji Inna.

Ni da nake gama kashi biyar a zama guda, na ɗauka su ma haka za su yi. Ina! Kashi ɗaya suke kallo, wani lokaci rabi, sai Inna ta danna tsayawa, ta naɗe wayar cikin tsumma, ta sa a kwallar da take ajiyar kayan kirki, ta rufe. Sauran na wata rana ne. Goggo takan yi ƙorafi, amma ita ma ta san da wa take zaune.

Matsalar farko ta zo ne bayan damina ta kankama, hanya ta lalace, na yi makonni ban je ba. Da na iso na tarar da su biyun zaune fuska a murtuke, wayar tana tsakaninsu a kan tabarma. Na duba. Kashi ukun da suka rage duk sun kulle, an rubuta wai lokacinsu ya ƙare, a haɗa da intanet a sabunta. Ashe abin da ka sauke ba naka ba ne, aro ne mai kwanaki, in wayar ta daɗe ba ta ga sabis ba sai ya rufe kansa. Wataƙila an rubuta haka a dogon bayanin nan da na danna amincewa ban karanta ba.

Na yi wa Inna bayani a hankali. Ta saurare ni har na gama.

"Ruɓewa yay yi ke nan?"

"Ba ruɓewa ba, Inna. Kullewa."

"Ka biya ko ba ka biya ba?"

"Na biya."

"To mi yas sa mai kaya shi biyo kayanai har cikin kwallata? Albasa ma, da ad da ruwa a jiki, muna aje ta tun rani har damina. Wanga abu ba ruwa ba ƙwari, amma bai iya kwana talatin?"

Na hau tudun masussuka na tsaya cikin rana da waya a sama har ta yarda ta buɗe. Daga ranar na zama mai yi wa fim ban-ruwa: duk Asabar in ɗauki wayar in kai ta ta gaishe da sabis, in dawo da ita kwalla. Raina yakan ɓaci in na tuna cewa waɗanda suka tsara wannan doka suna zaune ne a inda sabis ke bin su har banɗaki.

A haka suka ci shirin sannu a hankali har saura kashi ɗaya, wanda za a bayyana wanda ya matsar da iyaka. Sun sa rana, ran kasuwa mai zuwa. Goggo ta ce za ta kawo man shanu, wanda duk ya faɗi a gardamar ya ci tuwonsa gaya.

Ba ta zo ba. A makon nan ne ɓarayin daji suka shiga yankinsu suka kora shanu. Allah ya tsare rai, amma mutanen rugar ba su ƙara kwana ba, suka kwashe abin da ya rage suka nufi wajen Goronyo inda babban ɗan Goggo yake. Ko sallama ba su samu yi ba. Da na je ran Asabar na ga Inna ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu kamar kullum, ta zauna a gefe guda ta bar ɗaya gefen. Abin ya taɓa ni ƙwarai, sai na yi wauta na ce ko in kunna mata na ƙarshen ta rage kewa.

Kallon da ta yi mini, sai da na taɓa kunnena na hagu.

"Ba ni kallonai sai da ita. Aje shi."

Na ci gaba da ajiya. Wata ya bi wata ina kai waya kan tudu ina dawo da ita. Ni kaina ban kalla ba, don ta sa na rantse. Sai ran nan a Rabah na buɗe manhajar, na ga ɗan rubutu a ƙasan hoton shirin: za a cire shi ƙarshen wata. In an cire, har wanda ke cikin kwallar Inna zai tafi, ba tudun da zai dawo da shi. Hanyar Goronyo kuwa a lokacin ba a sa tsohuwa a kanta, sai an ga yadda hali ya yi.

Na ce abu mai sauƙi, wayata tana naɗar abin da ke kan fuskarta. Na kunna shirin, na danna naɗa, na kifa wayar na toshe kunnuwa don kada in karya rantsuwa. Da aka gama na leƙa farkonsa. Baƙi wuluk. Minti arba'in da wani abu na duhu na naɗa da hannuna. Masu manhajar sun riga ni tunani.

Dabara ɗaya ta rage, a sa wata waya ta ɗauki hoton wannan. Wayar da ta fi kowacce kyawun hoto a danginmu kuwa tana hannun Yaya, babban wana, tela ne a Wurno. Na tashi takanas na same shi a shago yana wa wata riga aiki.

Ban kai ƙarshen bayani ba ya ɗaga ƙafa daga keke.

"Sata dai kaka nuhi."

"Wace irin sata, Yaya? Duk wata nika biya."

"Kuɗin kallo kaka biya, ba kuɗin mallaka ba. In ka hau mota ka biya, da kujerar kaka sauka?"

Ya kamata in faɗi dalilin zafinsa. Yaya yakan ɓata mako yana zana sabon aikin wuya, ya ɗinka ya rataye a ƙofar shago. Sai wani ya zo kamar mai ciniki, ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, ya kai wa wani tela mai araha a bayan kasuwa. Kafin sallah sai ka ga aikin Yaya a wuyan rabin gari, an karkace shi, ba ko sannu. Don haka in ya ga an ɗaga waya ana nufin aikin wani, jininsa hawa yake. Ya ce mutanen nan da suka yi shirin sun sha rana, suna da iyali, in kowa ya naɗa ya kai wa masu tura finafinai a tasha, gobe da me za su yi wani?

Na san yana da gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Amma ni ma ina da tawa. Na ce ban ce a buɗe wa kowa ƙofa ba. Cewa na yi mutumin da ya biya, kuma garinsu ba sabis, a bar abin da ya sauke ya zauna har ya kalla. Mai kallo a birni yana gamawa a kwana biyu, ita Inna shekara take so. Wa ya ce kallon kwana biyu ne na gaskiya? Muka yi ta yi har na fara ɗaga murya, ya ce in tuna a shagon wa nake.

Ba ni na ci gardamar ba. Inna ce ta ji labari, ta ɗaura gyale ta hau tudun masussuka da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta sa na kira mata Yaya.

"An ce ka hana aron waya."

"Inna, ba hanawa ba. Hakkin mutane na."

"Na ji. In an tashi tambaya ka ce ni nis sa ka. Ba saidawa za ni yi ba, ba rabawa za ni yi ba. Ajiya ta, ta mutum biyu."

Yaya ya miƙa wuya. Sannan ya kafa sharuɗɗa, don kada a ce ya faɗi warwas: kwafi ɗaya tak, a katin ajiya ɗaya, ba a tura wa kowa, kuma ranar da su biyun suka ga ƙarshen shirin, a goge. Inna ta ce ta yarda, da saurin da ya kamata ya ba shi tsoro.

Ran Juma'a da hantsi muka rufe shagon daga ciki don haske kada ya ɓata hoto. Muka jingina wayata a jikin keken ɗinki, muka tokare ta da ƙunshin zare. Yaya ya ce ba wanda zai riƙe masa waya sai shi, hannun tela ba ya rawa. Na ce ni fa na rantse ba zan kalla ba. Ya ce shi bai rantse ba, kuma shi bai ma san labarin ba, aikin riƙo kawai zai yi. Na juya baya na fuskanci bango na cusa tsumma a kunne.

Tsumman tela ba ya toshe komai. Minti biyar ba a yi ba na ji Yaya yana tambaya ƙasa-ƙasa, wannan mai jar hular mene ne haɗinsa da gonar? Na ce ya yi shiru, ana naɗa. Can sai na ji ya ce, "Kai! Ƙarya kaka yi, munahuki!" Wani ya buga ƙofa yana neman wandonsa, Yaya ya daka masa tsawa ya ce ya dawo bayan an sauko daga masallaci. Da aka zo wajen ƙarshe kuwa, mutumin da ya yi mini wa'azin hakki ya saki salati da ƙarfi, ya ambaci mai laifin ƙarara, sannan na ji yana jan hanci. Ta haka na san ƙarshen labarin, ina fuskantar bango, rantsuwata ba ta karye ba amma ba ta da sauran amfani.

Abin da muka samu, a gaskiya, ba abin nunawa ba ne. Hoton ya ɗan karkace, akwai ƙafar keken ɗinki a gefe, ƙuda ya sauka a fuskar alƙalin cikin shirin ya yi zamansa, muryar Yaya kuma ta fi ta 'yan wasan fitowa. Na sa katin a tsohuwar wayar Inna. Ƙarshen wata aka cire shirin kamar yadda aka ce, na manhajar ya ɓace. Na kwalla ya zauna, ba ya neman tudu.

Sai bayan an kwashe albasa hanya ta yi dama. Muka ɗauki Inna zuwa Wurno, muka kwana gidan Yaya, da safe muka shiga motar Goronyo. Yaya ya ce zai bi mu ne don ya tabbatar an cika sharaɗi. Inna ta rungume kwallarta a cinya tun daga tasha, ta ƙi a sa ta a but ɗin mota.

Mun sami Goggo a wani ɗan gida a gefen gari, ba ruga ba, ba shanu sai awaki biyu. Ta rame. Idonta kuma ya yi yana, sai da Inna ta yi magana ta gane ta. Suka riƙe hannun juna suka daɗe, ni da Yaya muka shiga duban awaki kamar masu shirin saye. Abin da ya fara fitowa daga bakin Goggo shi ne wai Inna ta tsufa. Inna ta ce ai gara ita, tana ganin wanda take zagi.

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarma. Goggo ta aika aka samo man shanu ɗan kaɗan a maƙwabta, ta ce alkawari na nan. Inna ta kwance tsumma ta kunna. Da yake Goggo ba ta gani sosai, Inna ce ke faɗa mata abin da ke faruwa, kuma ba ta faɗa tsakani da Allah.

"Ga mai jar hula nan ya shigo, shina ta rarraba ido irin na marar gaskiya."

"Ke dai hwaɗi abin da yay yi, bar idonai. Maƙwabcin hwa?"

"Shina zaune abinai, bawan Allah."

Sai muryar Yaya ta fito daga wayar: "Kai! Ƙarya kaka yi, munahuki!"

Goggo ta ɗaga kai. "Wanga kuma wane na cikinsu? Ban san muryatai ba."

"Sabon ɗan wasa na," in ji Inna. "Daga Wurno anka ɗauko shi."

Yaya ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa. Goggo ta yi dariya har da tari, ta ce a mayar baya ta sake ji. Sau uku aka mayar.

Shirin ya yi ta tafiya har aka tara dangi gaban alƙali, aka kawo tsohon da ya ga komai, aka ba shi ruwa ya sha, ya gyara murya. Na san saura minti biyu Yaya ya yi salati. Na ga shi ma ya gyara zama. Goggo ta matso da kunnenta dab da wayar.

Inna ta sa yatsa ta danna tsayawa.

Ta ɗauki tsumma ta fara naɗe wayar a hankali, yadda ta saba.

"Mi kika yi haka?" in ji Goggo. "Yanzu hwa za shi hwaɗi!"

"Ya isa na yau."

"Inna," in ji Yaya, "saura kaɗan a gama a goge."

Ba ta ko dube shi ba. Ta sa wayar a kwalla ta rufe, sannan ta juya wajen ƙawarta.

"In munka ƙare shi yau, mi za shi sa yaran ga su sake kawo ni Goronyo?"

Goggo ta buɗe baki za ta yi gardama, sai ta fasa. Ta lalubo hannun Inna ta riƙe. Wannan ne karo na farko da na ga ta bar wa Inna magana. Daga baya ta ce a raba man shanun biyu, tunda ba wanda ya faɗi tukuna.

Sau huɗu ke nan muna kai ta. Kullum daga farkon kashin suke somawa, su yi gardamarsu, a mayar da muryar Yaya sau uku, tsoho ya sha ruwa ya gyara murya, Inna ta danna. Ni da Yaya mun san wanda ya matsar da iyakar, an kuma gargaɗe mu cewa wanda duk ya yi subul da baka ya nemi wata uwar. Yaya bai sake tayar da maganar gogewa ba. Wancan watan ma shi ya sayo sabon katin ajiya, ya ce tsohon ya fara tsufa, kada a wayi gari ya lalace. Ya kwafe da hannunsa, ya tsaya a kaina sai da na goge na farkon, don sharaɗi kwafi ɗaya ne.